Bahon Di'o

Ku yi shiru ko in fasa. Ke Talatu, janye ƙafarki daga tabarmata.

Jatau masinja ne a ofishin Di'o, Baturen mulki. Ana saura kwana biyu a karɓi mulkin kai, aka ba shi sabuwar tuta ya kai wa hakimin Kwargaba. Ya hau keke yana washe baki, wai bauta ta ƙare. Shi kaɗai, kuma da rana tsaka, lokacin da mai hankali ke neman inuwa.

Hanyar nan da aikin tilas aka yi ta. In Bature zai fita rangadi, kowane gari sai ya ba da maza a ɗora musu kayansa. Dokar kuwa, ba ka saukewa sai helma, shugaban 'yan dako, ya busa usur. Ko mutuwa kake yi. Allah ya isa!

A gangaren rafi Jatau ya iske wani tsoho tsaye, da bahon wanka na ƙarfe a ka. Gammonsa ya ruɓe. Rana kamar wuta, amma tsohon ko ɗigon gumi babu.

Jatau ya yi sallama. Muryar da ta amsa kamar daga rijiya.

"An busa?"

Jatau ya ce wane usur kuma, ai Turawa ma ɗaure kayansu suke yi. Har ya warware tutar ya nuna masa.

Tsohon ya ja tsaki. Ya ce daga gonarsa aka fizge shi, gero ya isa yanka. Nan ya faɗi da bahon Di'o a ka, ayari ya tsallake shi ya wuce, ba wanda ya busa. Shekara talatin ke nan yana tsaye, don kawai wani ƙato ya wanke dauɗarsa.

"To in 'yanci ya zo, kama mini, ɗana."

Ɗan halas ba ya jin "kama mini" ya wuce. Jatau ya jingine keke, ya kama bakin baho. Suna yin ƙasa da shi idonsa ya sauka kan ƙafafun. Babu tafin ƙafa. Tafiya ta cinye su har idon sawu.

Sai ya nemi tsoho ya rasa, baho ma babu. Nauyin kuwa yana bisa kansa.

Da ƙyar ya kai tuta, ya komo wuya a karkace, ko barci ba ya iya yi. Ya je gaban sabon Di'o, ɗan ƙasa, baƙar fata irinmu, a kan kujerar jiya. Ya durƙusa ya roƙi a tura mutum ya busa usur a rafin nan, ko sau ɗaya.

Di'on ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce zamani ya wuce camfi, Jatau ya jira a waje.

Wallahi abin nan yana ci mini rai. Shekara tara Jatau yana jira, har aka binne shi wuya a karkace.

Har yau ba a busa ba. Kada wanda ya bi gangaren Kwargaba shi kaɗai. Akwai mai kaya tsaye a can, kuma yanzu muryar Jatau ce.