Darmar Kwantena

"Tsaya, ko in tarwatsa ma kai!"

Rana tsaka ce, hanyar Kornaka. 'Yan fashi bisa moto biyu suka gitta ma kamiyon mai ɗauke da kwantena. Shofer ya taka birki — ƙiiii!

Su ukku ne. Tanimu shi ne ogansu, sai Idrisa mai bindiga, sai Yazidu wanda ya kawo labarin kayan. Ya yi yaron mota a tashar jirgin ruwa ta Lome, kuma shofer ɗin, Jimrau, kawunshi ne. Da sharaɗi ya kawo su: a kwashi kaya, ba a taɓa tsoho.

Jimrau ya sauko, hannuwa sama. Rawanin da Yazidu ya rufe fuska da shi bai hana shi gane tafiyar ɗan 'yar'uwarshi ba.

"Yazidu? Ɗan Lami? Kai da ka san aikin ga! Darmar duwan ce, hatimin 'yan kwastan, bisa ƙofar nan. In ta karye babu shaida, mai kaya ni za shi kama. Motar za su amshe, ita kaɗai gare mu!"

"Tsoho ya cika surutu," in ji Tanimu, ya ƙyafta ma Idrisa ido.

"Shinkafa ce, ku ji ni, kada ku shi—"

Tau!

Jimrau ya faɗi bisa yashi. Takalminshi guda ya yi gefe.

"Oga! Ba haka muka yi ba!"

"Ya gane ka, ɗan iska. Gata na yi ma. Miƙo guduma!"

Dam! Dam! Darma ta yi tsalle. Jikin ƙofar an manna takarda mai zanen ƙoƙon kai. Yazidu ya san ta sarai. Alamar maganin ƙwari ce da ake turara ma hatsi tun tashar ruwa. Sai an buɗe ya sha iska sosai kafin ɗan Adam shi sa kai.

"Mi ne ne wannan zanen?" in ji Idrisa.

Yazidu ya dubi takalmin kawunshi.

"Tsoratar da ɓarayi ne. Kayan kirki na can ƙurya, bayan buhunna."

Suka haye buhunna kamar awaki, suna dariya. Sai tari.

"Kai, warin mi ne ne haka? Yazidu!"

Garam! Yazidu, da ya tsaya waje, ya turo ƙofa, ya danna sakata.

"Buɗe! Don uwarka buɗe! Ɗan'uwa, na ba ka rabona duka!"

Tau! Tau! Harsashi ya huda ƙarfe, ya yanki kunnen Yazidu. Bai motsa ba. Bugun ya yi ta raguwa, har ya koma kamar kaza na tonon ƙasa.

Can nesa ƙura ta tashi. Wani makiyayi ya riga ya buga ma jandarma waya. Ga moto nan, makulli jiki, daji buɗe har Birnin Lalle.

To, amma in ya gudu, wa za shi faɗa? Mai kaya cewa za shi yi shofer ya haɗa baki da ɗan 'yar'uwarshi. Mota ta tafi, Ramla matar Jimrau da ɗiyanta biyar su ci ƙasa. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi.

Ya tsinci darmar, ya zauna kusa da gawa, ya gyara mata takalmi.

Jandarma suka iso. "Hannu sama! Kai wa ne?"

"Ɗan fashi ne, shef. Rubuta da kyau: ni na kawo su, da ƙarfin bindiga aka karya darmar nan. Mai motar ya hana, shi ya sa yake kwance."

Ya miƙa darmar, sannan ya miƙa hannuwan.