Saƙon da Ya Rage a Hanya

"Hwaɗi da bakinki, Khairiyya! Ki ce kar in tahi, in yaga tikitin nan!" in ji mijina.

Na sunkuyar da kai. Ina goyon ciki gidanmu Ƙofar Rini, ga Inna bayan labule. Ta yaya zan roƙi miji gaban uwata?

Mijina malamin lissafi ne, an kira shi Turai ya ƙarasa bincike, shekaru zai yi. Aikinsa a kan yadda motsin ruwa ke tafiya ne. Ya taɓa nuna min a kwamfuta, wasu ƴan akwatuna jere, kowanne maƙwabcinsa kawai yake kallo, in ya motsa shi ma ya motsa, har ƙarshen layi. Sai kibiyoyi. Ya ce in kibiya ta tashi daga nan zuwa can, wata ta ɗauka daga can, to haɗe su kibiya guda ce.

Ana gobe tafiyarsa na haihu! Mace! Wayyo ku ga gashi, ku ga hanci, nasa ne sak!

Ga waya a hannuna, amma haihuwar fari ce, ɗaki cike da gwaggonni. Sai na tuna kibiyoyinsa. Na raɗa wa ƙanwata Tani, "Ki ce masa na haihu, kuma... don Allah kar ya tafi."

Tani ta ji nauyin mijin yaya, ta gaya wa yayanmu Mode. Mode ya gaya wa mahaifin mijina, shi kuma ya gaya wa ɗansa. Kowa ya ɗan rage abin da ya fi ƙarfin bakinsa.

Mijina ya zo, ya yi wa jaririya huɗuba, ya daɗe tsaye bakin ƙofa yana kallona. Ni ina jiran ya ce ya fasa. Ashe shi ma jira yake.

Sai da ya sauka can ya kira.

"Mi ya hana ki hwaɗi, abar ƙaunata?"

"Na aika fa! Ba kai ka ce kibiyoyi na haɗuwa ba?"

Sai na ji yana jan hanci.

"Barka kaɗai ta iso min, Khairi."

Yau ina yi wa jaririyar wanka ta daki ruwa da ƴar ƙafarta. Motsin ya tafi har bakin daro, ya juyo ya taɓa ta. Na yi dariya, na ɗaga kai in ce zo ka gani...

Inna ce kawai tsaye da tawul.