Furannin Rakiya

Ranar Litinin da hantsi Malam Lawal ya kunna kwamfutar shagonsa na surfani a Nasarawa, ya tarar wayam. Furanni ɗari uku da marigayiya matarsa Rakiya ta zana, an kwashe, an goge. Ba su haihu ba. Zanen nan ne kaɗai ta bar masa.

Bai yi ihu ba. Wa zai ji?

Rakiya ce ta haɗa kwamfutar. Tsarin Linux ke tafiyar da ita, manhajar surfanin kuwa ta Windows ce, sai ta ɗora ta kan Wine, wata manhaja mai yi musu tafinta.

Mutum uku ke kusantar kwamfutar. Lawal ya fara da Ishaku, mai kula da keken surfanin.

"Ina kake ranar Asabar?"

"Biki a Kudenda, Malam. Kai ka ba ni izini."

Haka ne kuwa. Nathan, maƙwabcinsa mai buga katin gayyata, dariya ya yi. "Oga, kwamfutarka ko inda ake kashewa ban sani ba!"

Lawal ya yarda. Ɓarawon ya share sawunsa a Linux tas, wannan kuwa aikin gwani ne.

Saura Abubakar, mai gyaran kwamfuta a Trikania, wanda tun rasuwar Rakiya kullum la'asar sai ya zo su sha shayi. Lawal ya so ƙwarai a ce ba shi ba ne. Amma zanen ba ya fita sai ta cikin manhajar, kuma Rakiya ta taɓa nuna masa ɓoyayyen kundin da Wine ke rubuta inda aka kai kowane fayil. Ya buɗe.

Da la'asar Abubakar ya zo. Lawal ya zuba masa shayi, sannan ya juya masa allon.

"Ka goge na Linux, ka manta Wine na da nata kundin. Ga sunan filashin da ka kwashe zanen a ciki, Habu. Asabar, lokacin da na tafi masallaci."

Abubakar ya sunkuyar da kai. "Wani mai kamfani ne ya matsa min..."

"Da ka roƙa, wallahi da na ba ka."

Abubakar ya ajiye filashin kusa da kofin da bai taɓa ba, ya fita.

Furannin suka dawo, ba ɗaya da ya ɓata. Washegari da la'asar Lawal ya ɗauraye kofi biyu kafin ya tuna, sai ya mayar da ɗaya cikin kwali.