Wa Ya Fitar da Hoton Ɗakin Mubaraka?

"Hajiya, wanda yaz zana hoton ga bai taɓa sa ƙafa cikin ɗakin ga ba."

Wannan ce maganar farko da Nasiba ta ji daga bakin Abdulrazak, kuma saura kaɗan ta jefe shi da wayar hannunta.

Ɗakin amarya ne a Malbaza, sabon gini, ƙanshin siminti bai gama fita ba. Hajiya Altine ce ta ɗauko Nasiba daga Konni don ta tsara jeren ɗiyarta Mubaraka, ta kuma kira Abdulrazak, kafinta daga Badaguishiri, ya yi kayan katako. Yana durƙushe yana jan metir a gindin bango, bai san mai zanen na tsaye a bayansa ba.

"Ni niz zana shi," in ji Nasiba. "Mi yas same shi?"

Ya waiwayo. Dogo ne, baƙi, fensir maƙale a kunne, garin katako har cikin gira. Ya kalle ta, kallon ya ɗan wuce ƙa'ida, sannan ya miƙe.

"Hotonki taga biyu gare shi, ɗakin kau taga guda. Gado, almuwar ta ajiye tufafi, kujera ukku da madubi cikin metir ukku da rabi? Amarya ta ina za ta bi, ta sama?"

Hajiya Altine ta kwashe da dariya. Dariyar ce ta fi yi wa Nasiba ciwo.

"Malam, IA ta yi aikin ga. Manhaja bakwai nika biya ma kuɗin abonema duk wata."

"To duk cikin bakwai ɗin babu wadda ta iya awo?"

Shekara biyu Nasiba tana aiki da manhajojin nan na IA, masu ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake ba hoton ɗaki su mayar da shi kamar na otel, ba a taɓa yarfa ta haka ba. A mota, suna bin bayan kamiyon siminti zuwa Konni, tana ta tsaki har direba ya tambaya ko lafiya. Wayarta ta yi ƙara, saƙon kafintan ne.

"Sallama, Hajiya Taga Biyu. Tsawo 3,50, faɗi 3,10, ƙofa 0,80. Ki ba injinki mu ga ko yana jin magana. Launin da kinka zaɓa ya burge ni. Ɗakin ne bai kai zanenki ba."

Ta rubuta: "Mai Metir, ba a tambaye ka ba."

Amma tana isa gida ta buɗe ordinatar, wato kwamfutarta, ta ba kowace manhaja lambobin. Shida suka buɗa ɗakin yadda suka ga dama, wata ma har da ƙara masa baranda. Guda ɗaya ce ta karɓi awon ta tsaya a kansa. Kwana uku ta yi tana jin haushi kafin ta iya tura masa sabon hoton.

"Yanzu kam amarya ta samu hanya," ya amsa. "Ni ma ina neman hanya, in da hali."

Ta karanta sau huɗu, ta kife wayar, ta sake ɗauka.

Daga nan aikin ɗakin Mubaraka ya zama dalilin haɗuwa. Sun yi faɗa kan launin labule, sun yi faɗa kan tsayin gado. Ran nan ya zo Konni da kwandon tumatir da albasa na garkar mahaifiyarsa, ya ajiye mata kamar wanda ya kawo gwal.

"Wasu turare sukan kawo," ta ce.

"Turare bai shiga miya. Nasiba, ni ban iya kwana-kwana ba. Tun randa kinka harare ni cikin ɗakin nan ban sake yanka katako daidai ba. Aurenki nika so."

Ta sunkuyar da kai, tana wasa da bakin mayafi. "Sai ka koyi magana mai daɗi tukuna."

"Ke za ki koya mani, Gimbiyata."

Mahaifinta, Alhaji Na'Allah mai yadi, bai yi murna ba. Shi zuciyarsa na kan Sharifu, ɗan amininsa, mai shagon waya a kasuwa, wanda shi ne ke saka wa Nasiba duk manhajojinta a kan farashi mai sauƙi.

"Ga yaron gida wanda munka san tushenai, ke kuma sai kafintan da ba mu san ko kakanai ba?"

Tun ranar farko Hajiya Altine ta kafa sharaɗi ɗaya: kada ido ya ga hoton ɗakin kafin ranar jere. So take mata su shiga su riƙe baki. Saura kwana goma biki, da hantsi, ta kira Nasiba tana ihu.

"Duba status ɗin Sakina! Ɗakin ɗiyata na yawo cikin wayoyin Konni da Malbaza! Amana nib ba ki, Nasiba, ko talla?"

Sakina ita ce ɗaya mai tsara ɗakuna a Konni. Hoton ne sak, labule ruwan zuma, gado a gabas, a ƙasa ta rubuta: sabon aikinmu. Nasiba ta ajiye wayar. A sana'arta, wadda ta bari asirin ɗakin amarya ya fita ta gama aiki a garin.

Ba a jima ba Sharifu ya iso zauren gidansu, fuska cike da jimami.

"Ki yi tunani dai. Bayan ke da Hajiya, wa kinka tura ma hoton?"

Mutum ɗaya ne: Abdulrazak. Alhaji ya buga sanda a ƙasa.

"Na hwaɗi! Ya sayar da ke don ya samu aiki wurin waccan. In na sake ganin ƙafatai ƙofar gidan ga, ni da ke ne."

Ta ɗauki waya ta rubuta wa Abdulrazak: "Ban san ɓarawo nib buɗe ma zuciyata ba. Nawa Sakina tab biya ka? Kada ka sake kirana."

Ya kira sau biyar, ta ƙi ɗauka. Sai washegari saƙo ɗaya ya shigo.

"Ban taɓa ganin Sakina ba. Ban roƙonki ki yarda da ni. Amma randa kinka nuna mani manhajar nan na ga ɗakunan da ba irin hannunki ba. Na wa ne? Ki tambayi kanki. Kalmar da kinka kira ni da ita kau, ko ubana bai taɓa jin an kira ɗanai da ita ba."

Da haushi ta buɗe ordinatar, don ta samu abin da za ta ƙara zaginsa da shi. Ɗakunan na nan cikin ma'ajiyar manhajar, gauraye da nata. Ta daɗe tana ganinsu, ta ɗauka misalai ne da kamfanin ke sakawa. Ta shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Wani shagon aski. Wani ofishi. Sai wani falo mai babban madubi, kuma a cikin madubin ga mace riƙe da waya tana ɗaukar hoton.

Sakina ce.

Nasiba ta rufe hoton. Ashe duk abin da ta zana shekara biyu a buɗe yake ga mutanen da ba ta sani ba.

Bayan la'asar Sharifu ya zo gaida Alhaji kamar yadda ya saba. Ta fito da ordinatar ta dire a kan tabarma tsakaninsu.

"Sharifu, mutum nawa ke shiga kont ɗin manhajar ga da kod guda na sirri?"

"Wace irin tambaya ce..."

"Nawa!"

Ya kalli Alhaji, ya kalli ƙofa. "Goma sha ɗaya. Haka kowa ka yi, Nasiba. In ba a raba ba, yaya za ki same shi da arha?"

"Har da Sakina?"

Ya gyaɗa kai, idonsa a tabarma.

"Jiya kana zaune nan, ka san ta inda hoton yaf fita, kab bari nic ce ma bawan Allah ɓarawo! Ka kalli idon babana ka yi shiru!" Muryarta ta fashe. "Manhaja bakwai kal liƙa mani, kac ce duk mai sana'a sai da su. Guda ce ke aiki, ita ma ka mai da ita dandalin gari!"

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, Sharifu. Ubanka zan gani, ba kai ba."

Ranar kasuwar Badaguishiri ta shiga mota da ƙanwar babanta, Goggo Maryam. Sun tarar da Abdulrazak a shagonsa yana goge katako. Ya gaida Goggo har ƙasa, ya ba ta kujera. Nasiba kuwa ko kallo.

"Abdul."

"Hajiya, ki riƙe jakarki da kyau. Shagon ɓarawo kinka shigo."

"Na yi kuskure."

"Kuskure shi ne a yanke katako ya gaza. Ke ba ki ko tambaye ni ba! Wani ya yi magana sau guda kin yarda, ni na kira sau biyar kin ƙi ɗauka." Ya jefar da abin gugar. "Kwana ukku ban ci abinci ba, innata na tambaya mi yaf faru, in ce mata mi?"

Hawaye suka zubo mata, amma ita ma zuciyar ta motsa.

"To ka kashe ni mana! Na taho tun daga Konni, na tsaya gabanka ina ba ka haƙuri gaban Goggona, mi kaka so kuma? Tsoro nij ji, Abdul. Sunana ya zube, kuma wanda nika so aka nuna mani."

"Ku biyun ga," in ji Goggo tana fifita da mayafi, "in kun gama ku gaya mani, in sayi albasata in koma."

Ya yi ƙoƙarin riƙe fuska, bai iya ba. Ya jawo benci ya zauna nesa kaɗan da ita.

"Manhajojin fa?"

"Na soke shidda. Mai ƙara ma ɗaki baranda da 'yan uwanta, duk na kore su. Wadda ke jin awo kaɗai nib bari. Na buɗe kont da sunana, ina biyan cikakken kuɗinta, kod ɗin kau ni kaɗai nis san shi."

"Ni ma ba ki ba ni?"

"Ko kai."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Yanzu kin zama mai sana'a, Gimbiyata. Share hawayen. Kwana nawa ya rage?"

"Bakwai."

Da ƙyar Hajiya Altine ta saurare su. Sai da Nasiba ta nuna mata fuskar Sakina a madubi, ta kuma yi alkawarin sabon tsari wanda ko ita Hajiyar ba za ta gani ba sai ranar. Kwana bakwai Abdulrazak yana sake fuskar almuwar da kan gado, Nasiba tana ɗinkin labule shuɗi mai duhu, suna faɗa a waya safe da yamma. Ranar jere, matan Malbaza suka shiga ɗakin Mubaraka da shirin cewa ai sun riga sun gani. Guɗa ce ta fito da su.

Bayan girbi aka ɗaura auren Nasiba da Abdulrazak a ƙofar gidan Alhaji Na'Allah. Motoci uku suka zo daga Badaguishiri. Nasiba na cikin ɗaki lulluɓe, lalle har gwiwar hannu, sai ga Goggo ta shigo da gudu.

"Ke, kin san abin da babanki yay yi? Kafin liman ya buɗe baki ya miƙe gaban jama'a yac ce, yaron ga na zarge shi da abin da bai yi ba, cikin zaurena. To ga shi gaban kowa ina neman gafaratai, kuma na ba shi ɗiyata da zuciya guda."

Nasiba ta rufe fuska da tafin hannu, kuka ya ƙwace mata. Wayarta ta yi ƙara a kan cinya.

"An shafa fatiha, matata. Babanmu ya sa ni kuka gaban abokaina, ki shirya rarrashi."

Tana dariya tana hawaye ta rubuta: "Na yarda da kai, mijina. Ko duniya duka ta hwaɗi wani abu a kanka, kai zan fara tambaya."

Goggo ta dafa kanta. "Allah shi sa albarka, ɗiyata. Allah shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba, shi rufa asirin ɗakinku."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta ɗauka har bakin titi.