Waƙar Ƙarshe Daga Shinkafi

"Kullum in ta kai nan sai ki kashe! Mi kika tsoro, ɗiyata?"

Ilham ta kife wayar a cinyarta. Inna Furera, mahaifiyar mijinta Sirajo, na tsaye da buta a hannu, an idar da la'asar ke nan.

"Ba komi, Inna..."

Akwai komai kuwa. Sirajo direba ne, Ƙaura zuwa Shinkafi yake lodi. Da aka tura masa waƙoƙi a tasha, lambobi ne tsiraru, ko suna babu. Suna amarci suka zauna su biyu suka jera guda goma sha tara, kowace suka raɗa mata sunan inda za ta riske shi a hanyar dawowa: "Fita Shinkafi", "Badarawa", "Ramukan Moriki". In zai taso sai ya yi mata filashin, ya kunna tasa, ta kunna tata. Ta ƙarshe na ƙarewa za ta ji bugun ƙyaure, biyu a jere, sannan ɗaya.

Ita ta ƙarshen ce kaɗai ba ta da suna. Ya ce "Gimbiyata", ta ce mutane za su gani a yi mata dariya. Haka suka bar ta da lambarta.

Wata biyar ke nan da aka tsinci motarsa kusa da Moriki, ƙofofi a buɗe, ba kowa. Wani da ya kuɓuto daga daji ya rantse a gabansa aka rufe Sirajo. Ilham ta ce ba ta ga gawa ba, ba za ta yi takaba ba. Kullum sai ta kunna jerin, in waƙa ta goma sha takwas ta ƙare sai ta kashe. Muddin ba ta ji ta ƙarshe ba, ai yana hanya.

"Ni na haife shi," Inna ta ce a hankali, ta zauna gefen tabarmar. "Wata biyar ban yi mai addu'ar mamaci ba, don kada in karya miki zucciya. Ɗana shina jiran addu'ata, Ilham. Bari ta ƙare."

"In ta ƙare bai buga ba hwa?"

"Sai mu sani."

Ilham ta danna ta ƙarshen. Garaya ta tashi siririya. Kajin tsakar gida suka daina tono, iska ta tsaya cak, har sallamar maƙwabta ta ɗauke. Ilham ta ji warin fetur da turarensa, kamar ya wuce ta bayanta. Sonsa ya taso mata.

Waƙar ta ƙare.

Ƙwan-ƙwan... ƙwan.

"Sirajo!"

Ko takalmi ba ta sa ba. Ta fizge ƙyauren. Rana fayau, lungu fayau, ba sawun mota, ba sawun mutum.

Inna ba ta ko motsa ba, hawaye ne kawai ke bin kuncinta.

"Innalillahi... Ya iso, ɗiyata. Sallama ya zo yi muna."

Ilham ta daɗe a bakin ƙofar. Da ta dawo sai ta zare 'yan kunnenta ta sa a tafin Inna. Ta ɗauki wayar, ta goge lambar nan, ta rubuta sunan da ya so.