Jiƙon Inna Baturiya

Bahijja tana dama kunu a tsakar gida, Inna Baturiya ta miƙo mata kwanon sha cike da wani ruwa baƙi ƙirin.

"Ungo, kai wa wancan na ɗaki. Jiƙon maɗaci ne, daga Riruwai aka aiko min."

Wancan na ɗaki shi ne Hafizu, mijin Bahijja, ɗan farin Inna. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma shiga ɗakinsa, saboda kunyar ɗan fari. Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa tana jiran kwanonta.

Hafizu direban bas ne a Kwanar Dangora kafin ciwo ya kwantar da shi. Ciwon daji ne, wato kansa, a ƙaramin hanji, har ya bazu. A wani babban asibiti a Kano aka sa shi cikin masu gwajin wani haɗin magunguna, ana ɗura masa ta jijiya duk mako biyu. Likita ta ja musu kunne: kada ya sha wani magani daban, ko na gargajiya. Ana duba jininsa, in hanta ta nuna wahala za a cire shi daga gwajin.

"Zubar da shi ta taga," Hafizu ya raɗa wa Bahijja da ta shigo da kwanon.

"Tagar da ke kallon turken akuyarta?"

"To ki ce mata likita ta hana."

"Ni zan mayar wa uwar miji kwano a cike? Gobe a ce na shiga tsakanin uwa da ɗa. Kai ka faɗa mata."

"Ni da ko ido ba ma haɗawa?"

Bahijja ta toshe hanci, ta kafa kai, ta shanye tas. Hawaye suka zubo mata.

"Malam, wannan ba magani ba ne — horo ne."

Hafizu ya yi dariyar da rabonsa da ita tun kafin azumi, sannan ya riƙe hannunta, idonsa ya kawo ruwa.

Kwana tara ana haka. Bahijja ta rame, ga amai, ga zarya banɗaki, buta ba ta hutawa. Inna kuwa sai murmushi, ta ɗauka an samu ƙaruwa. Ran na goma ta ce, "Zo nan, buɗe bakinki in ga ko jini ya yi miki ƙaranci."

Warin maɗaci ya daki hancin Inna. Murmushin ya ɗauke.

"Ashe ke kike sha. Ni kullum ina kwana da sanyin rai cewa na yi wa yaron nan wani abu."

Bahijja ta durƙusa tana kuka. "Inna, ki yafe min. Likita ce ta hana, in ya sha cire shi za a yi daga gwajin magani, kuma ba mu da wata hanyar. Na kasa kallon idonki in ce a'a."

Hafizu ya fito yana dafa bango. "Inna, laifina ne."

Inna ta juya fuska ga katanga. "Ki gaya wa wancan ya koma ya kwanta." Ta share ido da gefen zane, ta ɗago Bahijja. "Ke kuma, da jiƙon nan ya kayar da ke, wa zai riƙe min shi? Me likitar ta ce ya halatta?"

"Abinci mai laushi, da addu'a."

"To waɗannan nawa ne. Ke ki ji da asibiti."

Ranar Talata aka ɗibi jini, hanta lafiya lau, aka ci gaba da ɗura magani. Bayan wata huɗu hoto ya nuna ƙarin da ke hanjinsa ya tsaya, har ya ɗan ja baya. Likita ba ta ce ya warke ba, amma a ranar da ƙafarsa Hafizu ya taka daga bakin titi zuwa gida, yana tsokanar matarsa a hanya.

'Yan'uwana, kunya ado ce, haƙuri kuma yana da lada. Amma in kuna jinya, ku faɗa wa iyaye gaskiya tun ran farko cikin ladabi. Uwa ba gardama take nema ba, so take a ba ta abin da za ta yi wa ɗanta.