Jan Ƙyallen da ke Bargon Asma'u

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya bambanta ta da sauran ranaku a unguwar Tayuri da ke garin Sabha. Rana ta yi ja ta faɗa bayan gidajen bulo, an ɗauke wuta kamar kullum, masu janareta suka fara tayarwa ɗaya bayan ɗaya. Zuwaira tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, bargo a cinya, allura a hannu, tana so ta kai ƙarshen layi ɗaya kafin a kira magariba.

Shekara goma sha shida ke nan da ita da mijinta Sadisu suka baro Damagaram suka zauna a Sabha. Shi yana aikin gini a unguwar Sukra. Ita kuwa ba tela ba ce, ba ta taɓa sayar da ɗinki ba. Abin da ranta yake so kawai shi ne ta tara ƙyallaye, guntun atamfa, hannun rigar da ta mutu, gefen zanen da baƙi masu wucewa arewa suka bari, ta yanka su daidai, ta harhaɗa, ta sa tsohon mayafi a tsakiya, ta bi da allura har ya zama bargo. Sai dai farawa ta fi yi mata daɗi a kan gamawa. Barguna uku ne kwance a ƙasan akwatinta, kowanne rabi. Da sanyin shekarar ya matso, ta rantse sai ta ga bayansu. Biyu ta gama cikin wata guda. Na ukun ne a cinyarta.

Wannan ba ita ta fara shi ba. Ƙanwarta Asma'u ce, wadda ta zo daga gida shekara tara da suka wuce, ta yi wata huɗu a wurinsu, sannan ta shiga mota zuwa Tarabulus. Sau biyu ta kira. Daga nan babu wanda ya sake jin muryarta. A tsakiyar bargon akwai wani jan ƙyalle mai santsi, faɗinsa tafin hannu biyu, wanda Asma'u ta ɗinke gefensa uku da ƙananan ɗinki masu kyau irin nata. Gefe na huɗu ta bari a buɗe.

Zuwaira ta soka allura a wannan gefen. Nan take dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki.

Haula, 'yarta mai shekara goma sha biyar, ta leƙo daga kicin. "Inna, yaran lungu ne?"

Kafin Zuwaira ta amsa, na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro ya tsaya a gefen tabarma. Sadisu ya fita da butarsa a hannu, ya duba lungun gaba da baya, bai ga ko kyanwa ba. Da ya dawo ya ɗauki dutsen, sai ya yar da shi da sauri. Baƙi ne, sumul, ba irin na unguwarsu ba, kuma da zafi kamar ya wuni a tsakiyar rana.

Kashegari Zuwaira ta buɗe bargon, ta tarar duk ɗinkin da ta yi a jikin jan ƙyallen ya warware. Ba a tsinke zaren ba. An zare shi ne a hankali, an miƙe shi a kan bargon. Ta sake ɗinkewa, ba ta faɗa wa kowa ba. Da magariba duwatsu suka dawo. A rana ta uku, gida ya yi tsit bayan jifa, sai suka ji wata murya siririya daga ɗakin da akwati yake, tana gunguni irin na mai rarrashin jariri. Sadisu ya shiga yana karatu, bai tarar da kowa ba.

"Ki ƙone bargon nan," in ji shi.

"Hannun Asma'u ne a jiki," ta ce. "Shi kaɗai ya rage mini."

A rana ta biyar, Zuwaira ta dawo daga gidan maƙwabta gab da faɗuwar rana, ta kira Haula ba ta amsa ba. Ta same ta a ɗaki, ta juya wa ƙofa baya, ta naɗe bargon ta rungume a ƙirji, tana jijjiga shi, tana wannan gungunin. Da uwar ta taɓa kafaɗarta, yarinyar ta juyo a hankali. Idon na Haula ne, amma wadda take kallo daga cikinsa ba ta san Zuwaira ba.

"Ke ce mai allura," in ji wata murya daga bakin yarinyar, tsohuwa, busasshiya.

Kwana biyu Haula ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta saki bargon ba. Maza uku sun gwada ƙwacewa sun kasa. Leɓɓanta suka tsattsage. Sai Sadisu ya tafi unguwar Abdulkafi ya zo da Malam Zulkifli, wani dattijo ɗan Agadas, mai ƙaramin jiki da magana ƙasa-ƙasa. Bayan la'asar ya iso. Ya nemi ruwa a kwano, ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe yana karatu har inuwar bango ta cinye tsakar gidan. Sannan ya yayyafa ruwan.

Haula ta yi ƙara.

"Wane ne kai, ko wace ce ke?" in ji Malam.

"Ba ni da suna a bakinku. Daga rijiyar hanya nake, bayan Dirku, inda bishiyar ƙaya ɗaya take."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Ɗauko ni aka yi. Majanyin ɗana ne na shanya a ƙaya. Motarsu ta tsaya shan ruwa, ƙanwar wannan ta gani ya yi mata kyau, ta cusa a jakarta. Na biyo abina. Shekara tara ina kwance da ɗana a cikin akwatin nan, ban taɓa kowa ba. Sai wannan ta zo tana soke shi da allura, kullum daidai lokacin da nake kwantar da shi."

Zuwaira ta dubi Malam. "Wallahi ban sani ba," ta ce.

"Ba ta sani ba," Malam ya maimaita. "Za a mayar miki da abinki inda aka ɗauko shi. Ki fita daga jikin yarinyar nan."

Sai Haula ta karkata kai, ta zuba wa uwarta ido, ta yi wani murmushin da ba nata ba.

"Ke mai allura. Na san inda Asma'u take. Ki bar mini yarinyar nan wata uku kawai, in ji daɗin ɗuminta. Sai in faɗa miki ko tana raye, da garin da take."

"Kada ki amsa mata," in ji Malam, bai ko juyo ba. "Cikin magana goma tasu, tara ƙarya ce."

Amma saura ɗayar fa? Zuwaira ta tsaya, hannu a baki. Shekara tara tana tare direbobi a kasuwa da hoto a waya. Mahaifiyarsu ta rasu a Damagaram tana tambaya. Ga amsa nan a gabanta, taku biyu kacal. Ta buɗe baki, sai idonta ya sauka a kan leɓɓan Haula, inda jini ya bushe, da ƙashin wuyanta da ya fito cikin kwana biyu.

Ta miƙa hannu ta ɗauko almakashi.

"Sake mini 'yata," ta ce. "Ki riƙe labarinki."

Hannun Haula ya saki bargon da kansa. Zuwaira ta durƙusa tana tsinke ɗinkin Asma'u ɗaya bayan ɗaya, hawaye na hana ta ganin zaren. Da na ƙarshe ya tsinke, Malam ya karɓi ƙyallen ya naɗe a farin yadi, ya sa aljanar ta rantse ba za ta dawo ba. Ta rantse. Amma tana gab da fita sai ta ce, "Kin yi mini adalci. To ki ji, Asma'u tana…"

Malam ya ɗaga murya da karatu, da ƙarfin da babu wanda ya zaci yana da shi, har ya danne sauran maganar. Haula ta yi atishawa sau uku ta zube a kan tabarma. Daga masallacin unguwa aka kira magariba. Kwanon ɗaki bai yi motsi ba.

"Inna," in ji Haula da muryarta, "ƙishirwa nake ji."

Sati na zagayowa, Muntari, wani direban da ke bin hanyar Agadas, ya tafi da ƙullin. Da ya dawo ya ce ya ɗaure shi a ƙayar, bai waiwaya ba. Zuwaira ta yanki gefen zaninta ta toshe ramin da ke tsakiyar bargon, ta gama shi cikin kwana huɗu, da hantsi kawai take ɗinkin.

Malam Zulkifli kuwa ta daɗe ba ta iya haɗa ido da shi ba. Ta san gaskiya ya yi, amma duk sa'ad da ta gan shi sai ta tuna rabin maganar nan. Bayan wata biyu, suna tsintar shinkafa ita da Haula, ta kasa daurewa.

"Haula, abin da ta faɗa a ƙarshe, da bakinki ta faɗa. Ko kin tuna?"

Yarinyar ta daɗe tana kallon tiren. Sannan ta girgiza kai.

"Ban tuna komai ba, Inna. Muryarki kawai na ji, kina cewa a sake ni."

Zuwaira ta gyaɗa kai, ta jawo tiren gabanta. Ba ta ƙara tambaya ba.